Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Gwanin Gangara

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Bayan haka, Bazazzagi, ina fata ka fara iya zama a kan benci ba tare da ka aika a ɗauko maka matashi ba. Da gangan na yi jinkirin wannan wasiƙa, na bari sai kumburi ya saɓe, na ƙafa da na kai. Na ƙafar na ji an ce ya sauka. Na kan kuwa sai abin da ya ci gaba, domin har yau ba a buɗe WhatsApp ba a yi karo da hotonka ka ɗaga keke sama da hannu biyu, ka rubuta wai kun ci Kano da yaƙi. Kai, tsoron Allah! Garin da ka shigo ana tambayar ka ko a kira maka A Daidaita Sahu?

Bari mu faro daga tushe, don masu karatu su san wanda nake fama da shi. Likita ne ya dubi tumbinka, ya auna jininka, ya ce ka riƙa motsa jiki. Da Bakane aka faɗa wa haka, sai ya ajiye mota ya riƙa takawa zuwa Kwari da ƙafa, ya samu lafiya, ya kuma adana kuɗin mai. Kai kuwa sai ka tafi ka sayo keken gwanjo mai siririyar taya, ka haɗa da hular kwano, da baƙin tabarau, da safar hannu marar yatsu, da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da wani matsattsen wando mai soso a mazaunai wanda uwargida ta rantse ba za a shanya shi a igiyar tsakar gida ba. Sannan ka shiga ƙungiya.

Ƙungiyar nan taku kuwa, ai sai Zage-zagi. Mutane ne da ko keke za su hau sai sun kafa kwamiti. Akwai shugaba, akwai mataimaki, akwai sakatare, da ma'aji, da mai binciken ma'aji, da tsarin mulki mai shafuka, da tarar makara. Kowace Asabar bayan sallar Asuba ku taru a Samaru, ku miƙa hanyar Shika, ku juyo kafin rana ta yi zafi, sannan ku yada zango a teburin mai shayi. An tabbatar mini zaman teburin ya fi tafiyar tsawo, kuma abin da ake ƙonawa a hanya ana mayar da shi ninki biyu da ƙwai da burodi, ana muhawara da Turanci a kan wace giya ta fi dacewa da wane tudu. Tun da aka kafa muku jami'a a 1962 kuka daina yin komai ba tare da takarda ba.

To, a wannan teburi ne aka yanke shawarar zuwa Kano, kuma a nan ne nake so jama'a su saurara da kyau, domin malaman nan sun yi lissafi. Zariya tana zaune a kan tudu mai tsayin kusan mita 670 daga gaɓar teku. Kano ba ta kai mita 500 ba. Wanda ya taso daga wajenku ya nufo wajenmu, duk da 'yan hawa da sauka na hanya, a ƙarshe gangarowa ya yi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ba ku tashi da hunturu ba, lokacin da iska ke busowa daga arewa maso gabas, ta doki mai zuwa Kano a fuska ta cika masa baki da ƙura. Kun jira damina ta faɗi, iska ta juya tana tasowa daga kudu maso yamma, wato daga bayanku. Ƙasa na jan ku, iska na tura ku. Ni dai ina neman inda ƙafarka ta shigo cikin wannan aiki.

Sai batun nisa. Sashen titin da aka sake ginawa tsakanin Zariya da Kano kilomita 137 ne. Ka ƙara da ɗan abin da ke tsakanin ƙofar gidanka da Kwangila, na yafe maka. Masu doguwar tafiya a keke na duniya suna da ƙa'ida, kuma wata ƙungiya ta birnin Paris mai suna Audax Club Parisien ce ke tantance ta. A wajensu mafi ƙanƙantar tafiyar da ake buga wa mutum hatimi a kanta kilomita 200 ce, a cikin awa 13 da rabi. Daga nan sai 300, sai 400, sai 600 a cikin awa 40. Wanda ya haɗa waɗannan huɗu a shekara guda shi ake bari ya shiga babbar tafiyarsu ta Paris zuwa Brest da dawowa, kilomita 1,200 a cikin awa 90, wadda ake yi duk bayan shekara huɗu, kuma asalinta tun 1891. Mutum ya yi barcin minti talatin a gefen titi ya tashi ya ci gaba. Da ka kai musu kilomita 137 ɗinka, da sun yi maka sannu da ɗumama jiki, su tambaye ka yaushe za a fara.

Amma mu bar Faransa, mu bi sawunka a hanya, domin ina da 'yan rahoto a kowace tasha.

Daga Kwangila zuwa Hunƙuyi an ce ka yi abin kirki, har kana waƙa. Daga nan zuwa Tashar Yari aka lura ba ka taɓa shiga gaba ba. Ga wanda bai sani ba, idan mahaya suka jeru a layi, na gaba shi ke keta iska, na bayansa yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: ka ja mutane na ɗan lokaci, ka koma baya ka huta, wani ya karɓa. Kai kuwa ka samu wani saurayi mai faɗin kafaɗa ka laɓe a bayansa, duk lokacin da layi ya zo kanka sai igiyar takalminka ta kwance. A Tashar Yari kuma kai ne ka fara tayar da mas'alar kasaru, kana kawo hujja da ƙarfi, alhali hantsi bai gama dubawa ba.

Bayan Kwanar Ɗangora, da kuka shigo ƙasar iyayen gidanku, nan labari ya canja. Jikin ɗan Adam yana ajiye abin da zai ƙona na aiki mai ƙarfi na kamar awa biyu ne kawai. In bai riƙa ƙarawa a hanya ba, sai ya wayi gari ƙafa ta ƙi, ido ya yi duhu, zuciya ta riƙa tambayar sa wa ya aike shi. Dokar ita ce a ci kafin yunwa, a sha kafin ƙishi, a kuma mayar da gishirin da gumi ya fitar. 'Yan uwanka sun cika aljihun baya da dabino da ayaba da ƙuli-ƙuli. Kai ka ce kana rage tumbi, ka tafi da gorar ruwa da wani ɗan leda mai zaƙi da ka yi oda daga waje. Ledar ta ƙare tun a ƙasar Kaduna.

A daidai wannan hali ne, kana lilo a kan sirdi, wani dattijo ya zo ta bayanka a kan tsohon keke Finis mai giya ɗaya, da buhun taki a kariya, da fartanya a rataye, da silifas ɗin roba. Ya kaɗa maka ƙararrawa, ya ce, "Sannu Alhaji, ko ba lafiya?" Ya wuce. An ce ka yi yunƙurin bin sa, jijiyar cinya ta ɗaure, aka kwantar da kai a gindin darbejiya ana matsa maka ƙafa. Wannan bawan Allah ba shi da ƙungiya, ba shi da ma'aji, bai taɓa ɗaukar hoton kekensa ba, kuma a mako guda yana cinye tafiyar da kuka yi wata uku kuna shiryawa.

Yanzu sai wurin da nake so ka yi wa jama'a bayani. A gasar Tour de France akwai motar da ke bin bayan kowa, ana ce mata motar tsintsiya, aikinta kwashe waɗanda suka gaza. Ku ma kun tafi da irinta, wata bas ɗauke da ruwa da famfo da kayan faci. Kai da hannunka ka watsa taswirar da agogonka ya zana, don mu ga bajinta. Na duba ta da kyau. Tsakanin Dakatsalle da Kura agogon ya nuna kana gudun kilomita 80 a awa, bugun zuciyarka kuma ya kwanta lumui irin na mai gyangyaɗi. Zakarun duniya a shimfiɗaɗɗen titi ba su riƙe wannan gudun. Ko dai a kai ka gasar Olamfik, ko kuwa a tambayi direban bas. An ce dai a gadar Tamburawa aka sauke wani mutum da kekensa, aka yayyafa masa ruwa a riga don a ga alamar gumi.

Kada a ce ban yi adalci ba, ƙungiyarku tana da abin yabo, kuma zan faɗa ko da zai ƙara maka kumburi. Kun tafi a layi ɗaya a gefen titi, da fitila mai walƙiya a baya, na gaba yana nuna rami da hannu, na baya yana kiran "mota!" Tayar mutum ɗaya ta yi faci, kowa ya tsaya. A titin da tirela da tanka ba su san da zaman mai keke ba, wannan tsari shi ne bambancin komawa gida da komawa asibiti. Ko minista bai tsira ba: a 2001 Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri, yana ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, sai bas ta ture shi cikin kwalbati a Abuja yana kan hanyar aiki. Kuma na ji daɗin yadda kuke tara kuɗi kuna gyara wa yaran da ke bin ku kekunansu. A ƙasar da 'yar tseren kekenta ta farko a Olamfik, Ese Ukpeseraye, sai da ta ari keke a wajen Jamusawa a Paris a 2024, duk wanda ya saya wa yaro taya ya yi aikin da hukuma ta bari.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka kun kawo mana sabon abu. A Bompai kamfanin Raleigh ya yi masana'anta, a nan ake haɗa Rali ana kai muku. Kakanninmu sun yi zamanin da malamin makaranta ke goge kekensa ranar Juma'a ya ɗaura masa tuntu, ana yankar masa lasin, ana kai amarya kallon sa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, masu gyaran keke a Kano ba su da lokacin hira, domin ma'aikata da 'yan kasuwa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun koma feda, ba tare da wandon soso ba. Ko da me ka zo an fi ka, ai ba yau aka fara faɗa muku ba.

Na san abin da za ka ce: ni Bakane me ya hana ni hawa? Amsa ita ce mu ba ma zubar da gumi sai da riba. Fatakenmu sun taka da ƙafa da jakuna har Gwanja, wata da watanni, amma sun dawo da goro. Kai ka zo Kano, cibiyar ciniki, a kan abin hawa marar ko kariya, ka koma ba ka sari ko turmin atamfa ɗaya ba. Wannan a wajenmu ba wasanni ba ne, asara ce.

Shigowarka gidana kuwa yara ba za su manta ba. Ka sauka a ƙofar zaure kana tafiya a tattale kamar ɗan shayi, sai da na ba ka aron jallabiya kafin ka iya shiga masallacin unguwa. Aka kawo gurasa bandashe, ka share. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, mai rage tumbi ya nemi ƙari. Ka yi barci tun bayan Isha har rana ta take. Don haka kada ka aiko ranar cika-ciki neman kuɗin shara, na bana da na baɗi duk ka cinye su a tabarmata.

Da safe na zaci zan ga an ja zuga an nufi kudu. Sai na ga an cire tayar gaba, an cusa keken a bayan mota a tashar Unguwa Uku, an biya masa kuɗin kaya, kai kuma ka nemi kujerar gaba saboda lalura. Hawan da ke jiran ku da iskar da za ta doke ku a ƙirji, duk kun bar wa direba.

Hukuncina shi ne rabin tafiya ka yi, rabin ma mai sauƙin, kuma da gudummawar bas. Idan kana son in janye, ga sharaɗi. Kafin damina ta ɗauke, ka kawo ƙungiyarka Kano ku kwana, abinci a wuyana. Da Asuba ku tashi daga Na'ibawa ku hau zuwa Zariya. Zan biyo ku a mota, ni zan riƙe makullin bas ɗin, kuma agogon nan naka a hannuna zai kwana. In ka isa Kwangila da ƙafarka a kan feda, zan saya maka ragon suna in sa maka Sarkin Keken Zazzau a gaban jama'a. In ka gaza, ka kawo keken Kano, ina da mai saye, kuma la'adata kashi goma ce.

Naka, ubangidanka Bakane.