Ɗan Ramin da Na Ƙi Hudawa

Da Kawu ya rasu aka zo rabon gado, masu gona suka kama gona, masu awaki suka kora awakinsu. Ni ɗan ƙanwa ne, ko allura ba ni da ita a ciki. Sai babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, injin nan na Baba kai ya dace da shi, kai ne mai son ƙarafa." Na yi godiya har da ƙwalla. Sai da na ɗaga shi na gane ɗakin suke so su share.

Injin yankan katako ne, Stihl 070, ɗan Jamus, irin wanda aka fara ƙerawa a 1968. Nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa takobi da sarƙa ba, cikinsa kuma cc 106, wato ya ɗan ɗara babur ɗin acaɓa mai cc 100. Ka ɗauka babur ne aka cire wa tayoyi aka sa wa haƙora, aka ce rungumi. Da shi Kawu ya yi shekaru yana tsaga katako a dazukan kudancin Kaduna, kafin baya ya hana shi.

Da ma akwai wata darbejiya a tsakar gidana da ta jingina da katanga, uwargida ta yi wata shida tana mita a kanta. Mai inji ya zo ya duba ya ce dubu 25. Na yi masa dariyar masu gado na sallame shi. "Baban yara," in ji uwargida, "kai fa malamin makaranta ne." Na ce ai shi ya sa, abin da aka ƙera da ilimi da ilimi ake gyara shi.

Na shimfiɗa tabarma na kwance injin kaf, na jera notuna cikin murafan kwano. Fistin da sauran rai, amma duk gaskit ɗin da na taɓa sai ya ruguje kamar busasshen ganye. A nan na fara ji da kaina, domin na karanta yadda abin yake. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai kamar mota. Ana gauraya fetur da mai, haɗin ya fara shiga cikin injin ta ƙasa, inda kuranshaf yake juyawa, sannan ya hau sama ya ƙone. Don haka dole cikin nan ya zama a toshe ruf. In iska ta sami kafar sata, fetur ya yi ƙaranci a haɗin, inji ya riƙa ihu shi kaɗai, ya ɗau zafi, fistin ya kankare silinda, shi ke nan ya buga. Ashe duk ƙarfen nan takarda ce ke riƙe da mutuncinsa. Na ɗauki darasin, na ma wuce gona da iri: duk rami maƙiyi ne.

Dabarata ta farko jan gam ne na silikon, wanda makanikan mota ke shafawa. Na lafta shi kamar mai yaɓen ɗaki. Abin da ban sani ba shi ne irin wannan gam ba ya shiri da fetur. Kwana biyu na buɗe na tarar ya kumbura ya saki, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa, wani ma ya gangara inda ba a gayyace shi ba. Wanke shi ya ci mini Asabar da Lahadi.

Sai neman kaya. Na zaga Fanteka har takalmina ya canza launi, aka ce sai Kano. A Ƙofar Ruwa aka nuna mini hanyar Sabon Gari, a can wani ɗan kasuwa ya zube mini leda uku a kan kanta. "Wannan Jamus," in ji shi. "Wannan Caina mai kyau. Wannan kuma Caina Allah-ya-kiyaye." Na tambayi bambancin na biyu da na uku, ya ce kuɗi. Na ɗauki na tsakiya, na haɗa da oyal sil biyu da fatun kafireto da sabon fulogi. Kuɗin mota kaɗai ya kusa rabin abin da mai injin nan ya nema, amma wannan lissafi ban yi shi a gaban kowa ba.

Na dawo na baje gaskit-gaskit a tabarma, na tashi yin alwala. Kafin in dawo akuyar uwargida ta zaɓi guda, wanda ke zama tsakanin kafireto da jikin inji, tana taunawa tana kallona ido cikin ido. Na kamo ta na buɗe bakinta, abin da na samu bai kai farce ba.

Kano kuma? Allah ya kiyaye. Na taɓa ganin makanikai suna yanka gaskit da kansu: a ɗora kwali a kan ƙarfen, a bi gefe-gefe da ƙaramar guduma a hankali har siffar ta fito. Na yagi bangon wani littafi da na tsinta a falo na yi haka, ya fito tsaf. Da na gwada shi da guntun tsohon na Kawu, sai na ga na Kawu yana da wani ɗan rami a gefe, bai fi ƙwayar dawa ba. Na ce Allah sarki Kawu, ga inda iska take shigar masa shekara da shekaru bai sani ba. Nawa na bar shi a toshe.

Kwana uku ina jan igiya. Ranar farko ma na manta da maɓallin da ke rage matsin silinda, igiyar ta fizge ni sai da na gaida ƙasa. Yaran unguwa suka hau katanga suna ƙirga mini. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, ko a tura?" In na ɗiga fetur ta ramin fulogi sai ya yi tari sau biyu ya mutu, kamar mai gyaran murya ya fasa magana. Kafaɗata ta dama ta daina ɗaga alli, na koma rubutu a ƙasan allo.

Rana ta huɗu na ɗora shi a Keke Napep zuwa wurin wani tsohon makaniki a bayan 'yan katako. Bai ce mini komai ba. Ya toshe kafofin injin, ya hura masa iska da famfon keke, ya shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa yana neman kumfa. Babu. "Ka toshe shi da kyau," in ji shi. Na gyara tsayuwa. Sai ya kwance kafireto, ya zaro gaskit ɗina ya ɗaga shi saitin rana, ya juya bayansa ya karanta a hankali. "Malam, wannan gaskit ɗin ajinsa huɗu, kuma na lissafi ne."

Almajiransa suka kwanta da dariya. Da suka lafa ya ce, "Ina ramin numfashi?" Na ce, "Baba, ai shi na gyara." Ya dube ni irin duban da nake yi wa ɗalibin da ya rubuta sunansa ba daidai ba. Ya ce duk hawa da saukar fistin, cikin injin yana hura iska yana zuƙewa. Wannan numfashi shi ke bi ta ɗan ramin ya riƙa kaɗa wata fata a kafireto, ita kuma ta jawo fetur daga tanki. Na toshe masa hanci, na zo ina tambayar me ya sa ba ya shan ruwa. Ya yanka sabo daga takardar gaskit ta gaske, ya huda ramin, ya ɗaure. Ja biyu injin ya tashi da ƙarar da ta kori tantabarun kasuwar duka.

Na iso gida bayan la'asar rungume da shi, na yi sallama da ƙarfi. Tsakar gida fayau, rana har ƙofar kicin. Uwargida ta kira masu faskare tun da safe, sun sare darbejiyar da gatari, ta biya su da rabin itacen. Ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sannu da zuwa, Baban yara. In ka huta, 'yarka na jiranka, malaminsu ya ce gobe ta zo da bangon littafinta ko da ubanta."