Janarorin Benci

Minna ce ta ba Najeriya Janar Babangida da Janar Abdulsalami, shi ya sa daga Bosso har Kpakungu, duk gidan kallon da aka saka fim ɗin yaƙi ba a rasa janar a kan benci. A saka Hotel Rwanda ka sha kallo, fim ɗin 2004 a kan Paul Rusesabagina, manajan otal a Kigali da ya ɓoye mutum sama da 1,200 lokacin kisan kiyashin 1994.

Janar yakan zauna a gaba, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan bencin mutane, yana ɓare gyaɗa yana hura ɓawon a wuyan jama'a. Daidai inda Paul ya ɗora matarsa da 'ya'yansa a motar Majalisar Ɗinkin Duniya, shi kuma ya tsaya wajen waɗanda suka fake a otal, nan Janar ke miƙewa ya tare allo. "Kai, wannan ba shi da dabara! Wallahi da ni ne..." Sai ya kama zana taswira da yatsa a bayan rigar wani: a tare nan, a ɓullo ta can. Ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba. Ranar da janareto ya yi wata ƙara, shi ya riga kowa kaiwa titi, ya bar silifas.

Ustaz kuwa ba ta rayuka yake ba, hukuncin cin hancin barasa da Paul ya ba soja yake bincike. Wani sai an cinye awa guda yake tambaya, "Wai wane ne bos ɗin?" Wanda ya riga ya kalla yana ta lallashinmu: "Ku kwantar da hankalinku, ba zai mutu ba." Mu masu share ido kuma hayaƙin janareto muke ɗora wa laifi, har mu haɗa da mitar rashin wuta ga tashar lantarki ta Shiroro a kusa.

Akwai wanda ba ya ba ni dariya. Idan rediyon cikin fim ta kira 'yan Tutsi kyankyasai, shi kai yake gyaɗawa, ya ce ai akwai irinsu a ƙasar nan, har ya ambaci ƙabila. A Minna fa, inda Bagwari da Banufe da Bahaushe da ɗan Ibo ke kan benci ɗaya. Ga gawarwaki zube a hanya, mota na bi ta kansu cikin hazo, shi yana cewa maganinsu ke nan. Wannan ya kamata mai gidan kallo ya mayar masa da kuɗinsa ya nuna masa ƙofa.