Kura a Gandun Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Zaki ne yake da gandu a fadamar Rima, tsakanin Goronyo da Wurno, ƙasa da madatsar ruwan nan da aka gama ginawa a 1984 amma ba a buɗe ta ba sai 1992. Ƙasa ce da ba ta san hutu ba. Da damina shinkafa, ruwa na janyewa a dasa albasa da tafarnuwa, kafin zafi ya kankama an cika rudu. Shi Zaki ba ya kwana can. Gidansa na birnin Sakkwato, kuma iyakar abin da ya sani game da gandunsa shi ne abin da takardar ƙarshen wata ta gaya masa.

Raƙumi ke huɗa. Jaki ke dakon buhuna zuwa kasuwar Acida. Gafiya da 'ya'yanta ke haƙa magudanai da gyaran fangali, Balbela na bin kunya tana tsince tsutsa, Kare na gadi. Sai Kwaɗo, wanda aikinsa ya fi kama da zaman banza. Wuni yake a bakin gulbi, ya nutse ya fito, da magariba ya zo ya ce ruwa ya ƙaru da taƙi guda, ko ya ragu. Dam ɗin da ke samansu yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, kuma mai noma a ƙarƙashin ruwa irin wannan ba ya rena mai sa masa ido.

Kunkuru ne wakilin gandu tun farko. Da tsufa ya ci ƙarfinsa, ya nemi sallama ya koma Wurno, ya ce kusa da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake son ajali ya same shi. Masu neman kujerarsa suka yi ta zuwa fada. Kura ta faɗi ta yi gaisuwa ta ce, "Manyan dawa, ba ni gandun nan shekara guda, in rage maka rabin abin da kake kashewa." Zaki bai tambayi ta yaya ba.

Sai an yi wa Kura adalci a nan. Ta yi shekaru a hannun gardi, da takunkumi a baki, ana yawo da ita kasuwa-kasuwa, ita da shan bugu shi da karɓar kuɗi. Abin da ta koya a wannan makaranta shi ne shugabanci sanda ne, kuma ta yi rantsuwa duk ranar da sandar ta zo hannunta ba za ta ajiye ba.

Ran da ta kama aiki ta tara kowa a gindin gawo. Ta hana magana a bakin aiki. Ta ce wanda ya kwanta ciwo a yanke ladan ranar. Ta ɗauko Gizo ta ba shi akawu, ta kuma ba shi wani aiki da ba a rubuta ba, wato ya kawo mata abin da kowa ya faɗa in ta ba da baya. Sannan ta dubi akumarin da ke bayan Jaki ta ce, "Wanga tsumma nawa aka sayo shi? A cire. Jaki da katifa!" Aka cire, aka ɗora mangala a kan fata. Kafin sati biyu gyambo ya buɗe a gadon bayansa.

Lada ya fara jinkiri. Duk wanda ya je tambaya sai Gizo ya buɗe littafi, ya lashi yatsa, ya ce, "Takayda na Shakkwato, ba a sha hannu ba." Wannan dai an jure, don yunwa ba baƙuwa ba ce a fadama. Abin da ya fi ci musu rai taron safe ne. Kullum kafin a fita aiki Kura za ta zaɓi ɗaya ta tsayar da shi a tsakiya ta yi masa tas, sauran na kallo, kowa na godiya a zuci da yau ba shi ba ne. In albasa ta yi kyau, takardar wata ta ce dabarar wakiliya ce. In tsutsa ta ci kunya guda, sunan Balbela ne zai je Sakkwato.

Balbela ce ta fara tafiya. Ba ta yi wa kowa bankwana ba, ta ga garken Fulani zai ƙetare gulbi ta bi shi. Haka abin yake ko'ina, mai fiffike ke fara tashi, kuma sau da yawa shi ne wanda aka fi buƙata. Gizo ya rubuta a littafi cewa an rage baki ɗaya.

Raƙumi ya daɗe yana haɗiyewa, don shi ba mai yawan magana ba ne. Wata safiya Kura ta zage shi gaban ɗansa, ta ce tsawon banza, wuya har sama hankali a ƙafa. Bai ce uffan ba. Ya gama huɗar ranar har kunyar ƙarshe, ya jingine garma inda ake jingine ta, da dare ya ja ɗansa suka yi arewa, ta Illela suka shiga Ƙonni. Gizo ya rubuta an rage baki biyu. Garmar kuwa aka ɗaura wa Jaki, ya yi huɗa da safe ya yi dako da yamma, lada na nan yadda yake, wato a Sakkwato.

Waɗanda suka rage suka haɗu da dare a bayan rudu. Gafiya ta ce, "Ni dai ban yarda Manyan dawa ya san halin da muke ciki ba. Mu rubuta mishi." Suka rubuta, kowa ya dangwala, Hankaka ya kai. Zaki ya karanta, ransa ya ɗan sosu, don ba mugu ba ne, nesa kawai yake. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gefe, "Wakiliya ta duba ta ba da shawara." Takarda ta dawo hannun Kura da sawun kowa a jiki. Washegari ta karanta ta a taron safe, layi-layi, tana kiran sunaye. Daga ranar ba wanda ya sake rubuta komai, Zaki kuma ya ɗauka an sasanta.

Kare bai tafi ba. Yana nan a ƙofar gandu, yana amsa sunansa da safe, yana karɓar ɗan abin da aka ba shi, amma ya daina haushi. Ya taɓa yi wa wani ɓarawon albasa haushi, ashe ƙanen Kura ne, shi aka yanke wa lada. Tun daga nan in ya ga motsi da dare sai ya juya ɗaya gefen.

Ana haka daminar 2010 ta kama. Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Kwaɗo ya zo da magariba ya durƙusa ya ce, "Ranki shi daɗe, gulbi ya hau taƙi biyu, kuma launin ruwan bai yi mini ba. Akwai abin da ke tahowa daga sama. A yashe magudanai, a kwashe hatsin da ke rumbun gangare a kai tudu."

Kura ta ce, "Kai mi ka sani in ba kwakwazo ba? Yasa kuɗi ce, kwasa kuɗi ce. Ni na yi wa Manyan dawa alƙawari."

Ya dawo washegari da taƙi uku. Ta ba shi takardar tuhuma, laifinsa tayar da hankalin ma'aikata. Ta ce daga yau rahoton ruwa sai ya bi ta hannun Gizo, Gizo kuwa ya san irin rahoton da ake so. "Yanki shi daɗe, yuwa lafiya lau."

Kwaɗo ya yi tunani ya ga aikinsa duka magana ɗaya ce, an kuwa hana shi faɗinta, to zaman me yake yi? Kafin ya tafi ya biya ta ramin Gafiya ya ce, "Iya, kwashe ɗiyanki ki bar gangaren nan." Gafiya ta ji. Ta haɗa 'ya'yanta suka bi Kwaɗo kudu har Rabah, garin da aka haifi Sardauna, inda gulbin Sakkwato ke bi da tasa fadamar. Gizo ya ƙirga 'ya'yan Gafiya ya rubuta an rage baki tara. A wannan wata Zaki ya aiko wa Kura da takardar yabo.

Cikin masu aikin gona saura Jaki. Masu ba da labari kan ce wauta ta zaunar da shi, ni ban yarda ba. Ladan wata uku yake bi, ya kuma ci bashin dusa a Acida da sunan wannan lada. In ya tafi ya yafe, in ya zauna bashin ya ƙaru, kuma Kura ta san da haka, shi ya sa ba ta taɓa biyansa duka ba. Takan ba shi kaɗan, daidai abin da zai sa ya ga kamar saura na tafe.

Cikin watan Satumba ruwan ya iso. Wanda ya rayu a wannan yanki bai manta ba, ƙauyukan Goronyo da Wurno da Kware suka nutse, gonaki suka tafi, har gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ruwan ya yanke. Ko da Kunkuru ne wakili shinkafar ba za ta tsira ba, wannan gaskiya ce. Amma hatsin rumbun gangare da irin albasar baɗi da garma duk ana iya kai su tudu a wuni biyu, da an ji maganar Kwaɗo. Ruwa ya zo da dare. Kare ya ji ƙuginsa tun daga nesa, ya tashi ya hau jigawa shi kaɗai. Jaki ya tsinke igiya ya yi iyo, da Gizo maƙale a kunnensa. Da gari ya waye ya girgiza kai Gizo ya faɗo, ya ce, "Malam akawu, riƙe wata ukun, na bar muku." Ya kama hanyar Rabah.

A karon farko Zaki ya zo gandunsa, a kwalekwale. Ya kafa kwamitin bincike, Dila malamin daji ne shugaba, Gizo sakatare. Kwamiti ya zauna da Kura ya ji ta bakinta, ya duba littafin Gizo ya ga ruwa lafiya lau har daren ƙarshe. Ba wanda ya taka zuwa Rabah, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Rahoto ya fito cewa Kwaɗo ya gudu daga bakin aiki a lokacin da aka fi buƙatarsa, Gafiya ta yi zagon ƙasa, Jaki ya ɓata igiyar gandu. Aka yaba wa wakiliya da ta tsaya ita kaɗai, aka ƙara mata girma.

Da ruwa ya janye aka buƙaci sababbin hannuwa. Ran kasuwa Kura ta tura Gizo Acida ya yi shela, aiki ga mai so, lada mai tsoka. 'Yan yankin suka yi kamar ba su ji ba, don labari ya riga shi isowa. Sai wasu samarin jakai biyu 'yan cin rani, da suka zo daga nesa ba su san kowa ba, suka matso. Jaki na gefe ya kawo albasar Rabah, ya kira su, bai yi dogon bayani ba, ya juya musu bayansa suka ga tabon. Ɗaya ya ja da baya. Ɗayan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, na gani. Amma na baro tsohuwa gida ba ko tiya guda." Ya je ya dangwala a littafi.

Suna hanya ya tambayi Gizo ko za a ba shi akumari.

Gizo ya ce, "Za a ba ka mana. Takayda na Shakkwato."

Ƙurunƙus.