Wa Zai Karɓi Makulli a Hannun Kawu?

Kawuna yana da wata farar Fijo 504 da suka tsufa tare, har a gidanmu an kasa tantance wanda ya fi wani tari da asuba. Wata Asabar ya aiko a kira ni, wai in raka shi ɗaurin aure Tsafe. Na ce kaina ke ciwo, ya ce iskar hanya magani ce. Na ce to ga wani yaro nan maƙwabcinmu da ya iya tuƙi, bari ya ja mu. Sai ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Wane yaro? Sadda nike kai gyaɗa da auduga tashar jirgi, uban yaron nan ko wando bai hwara sawa ba." Na buɗe ƙofa, na yi bisimilla, na shiga.

Tun daga ƙofar gida a Gusau ya kunna siginar hagu, kuma ba ta mutu ba har muka je muka dawo. Kafin mu bar gari ya ɗaga wa buhunan masara hannu sau biyu, ya kuma yi ƙorafin cewa mutanen yanzu ba su amsa gaisuwa. Da muka miƙi hanyar Funtuwa ya aje allura a kan arba'in, ya kama tsakiyar kwalta kamar gadonsa, manyan motoci na bin mu a baya suna oda, shi kuwa yana cewa duk masoyansa ne, sun gane motar. Can sai na ga ya tsuke fuska yana duban gaba.

"Ɗana, mu yi sauri. Ka ga hadarin da ya taso?"

A watan Janairu ne fa, hunturu na kaɗawa. Na duba, na sake dubawa. Dutsen Kwatarkwashi ne, yana nan inda yake tun kafin a haifi kakan kakanmu. Na tuna Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ranar na yarda da maganar ɗari bisa ɗari, don ni dai har muka wuce ban ga hadarin ba.

Wani abin kuma, Kawu ya koyi mota tun ana bin hannun hagu. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta yi canjin hannu, kowa ya koma dama, shi ma ya koma, amma zuciyarsa ba ta taɓa komawa ba. Idan hira ta yi daɗi sai ka ji motar tana zamewa a hankali zuwa hannunta na asali, kamar tsohuwar akuya da ta tuna gidan da aka sayo ta.

Wannan tafiya ce ta sa na fara sauraron masu cewa a yanka wa direbobi shekaru, wanda ya kai kaza ya aje makulli, ko a riƙa sake gwada su lokaci zuwa lokaci. A wasu ƙasashe an daɗe ana yi. A Ingila lasin mutum yana ƙarewa ne ranar da ya cika 70, daga nan sai ya riƙa sabuntawa duk shekara uku. Mijin Sarauniyarsu ta wancan lokacin ma, Yarima Philip, yana da shekara 97 ya kifar da mota a Janairun 2019, bayan 'yan makonni ya miƙa lasinsa da kansa. Ka ji fa, da kansa, babu taron dangi, babu aiken limami. A Japan kuwa, wanda ya kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarsa kafin a sabunta masa. Har lallashi suke yi: a wani yanki mai suna Aichi an yi wa tsofaffin da suka mayar da lasin rangwamen kuɗin taliya, wani kamfani kuma ya yi musu rangwamen kuɗin jana'iza. Na kwashe wannan labari na kai wa Kawu. Ya ce taliya abincin yara ce, likkafaninsa kuwa tun dawowarsa daga Makka yana cikin akwati, ba ya neman ragin kowa.

To a ce gobe an wayi gari an kafa dokar a nan, an ce daga 70 ba tuƙi. Tambayar farko: shekarun wa? A ƙasar nan mutum mai hankali yana da shekaru kala uku. Akwai na haihuwa, waɗanda uwarsa kaɗai ta sani, ita ma da lissafin "shekarar da aka yi fara" ko "bayan kashe Sardauna da damina biyu". Akwai na takarda, waɗanda ake zuwa a yi rantsuwa a karɓo. Akwai kuma na neman aure, waɗanda ba su wuce arba'in da 'yan kai ko da jika ne ya rako ango. Doka ta ce ma'aikaci ya yi ritaya in ya kai 60 ko ya shekara 35 yana aiki, amma kowa ya san wani ofis da ke da mai furfura har a gira wanda takardarsa ta ce saura masa shekara tara. Na san wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da a takarda ƙanen ya girmi wan da shekara huɗu, kuma babu wanda abin ya dama. Ranar da aka kafa dokar 70, ina mai tabbatar muku, kafin la'asar babu sauran ɗan saba'in ko ɗaya daga Tsafe har Bunguɗu. Duk za su koma 58. Mai sayar da baƙin shuni na rina gemu ne kawai zai gode wa gwamnati.

Kawu kansa, in maganar rabon nama ce ko zaman gaba a wurin biki, yana ba tamanin baya. In maganar mota ce, "dududu yaushe aka haihe ni?"

Sai batu na biyu, wai a *sake* yi musu jarrabawa. Wannan kalma ta "sake" ita ke ba ni dariya, don sai an yi abu sau ɗaya ake sake shi. A rubuce tsarin yana da kyau: sai ka kai 18, ka shiga makarantar koyon tuƙi, jami'in duba motoci ya gwada ka, a ɗauki hotonka da zanen yatsu, a ba ka lasin shekara uku ko biyar. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana nan tun 1988, jihar Zamfara ma da aka ƙirƙira a 1996 ta girma har ta yi tata hukumar kula da zirga-zirga, ZAROTA. Amma mu mutanen gari mun fi son gajeriyar hanya. Wani dare na tambayi majalisarmu, mu tara, kowa da abin hawansa, wa aka taɓa zaunar da shi a sitiyari aka gwada? Aka yi tsit, sai ƙarar cokali a kofin shayi. Wasu ba su da lasin sam. Wasu nasu ya mutu tun kafin a cire tallafin mai. Ɗaya ya ce shi a bayan gidan biredi ya koya, cikin kwana uku, da motar maigidansa ba da saninsa ba. Wani ya ce ai tuƙi baiwa ce, gwada baiwa kuwa butulci ne.

Kun san mutum ɗaya da na sani wanda aka yi wa jarrabawa ta gaske? Kawu. Ya shekara bakwai yana karen mota, yana sa wa taya waigi, yana kwana a ƙarƙashin Bedford, kafin maigidansa ya bar shi ya taɓa giya. Ranar gwaji aka jera masa ganguna aka ce ya bi tsakaninsu da ribas, aka tsayar da shi a hawa aka ce ya tashi ba tare da motar ta gangara ko taku ɗaya ba. Har gobe in za a yi gasar ribas a filin idi, kuɗina a kansa zan zuba, muddin wani zai tsaya ya faɗa masa inda gangunan suke.

Don kada a ce na tsani tsofaffi, bari in ba ku labarin ɗaya ɓangaren. Sati biyu bayan tafiyar Tsafe na shiga wata Golf ta haya zuwa Bunguɗu, mu biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, da buhun albasa da ya fi mu samun wuri. Direban bai fi ashirin da biyu ba, idonsa garau, yana iya karanta lambar mota daga nisan zango. Sai dai idon ba a hanya yake ba. Hannu ɗaya na riƙe da waya yana rarrashin wata da ta yi fushi, ɗayan yana neman waƙa, sitiyari kuwa gwiwa aka bar wa amana. Tun daga shataletalen Lalan ya taka totur bai ɗaga ba. Wani dattijo a baya ya ce, "Yaro, a yi sannu," ya amsa da cewa hanyar yanzu ba a yi mata sannu, Baba. Wannan amsa tana da nauyi, duk mai bin hanyoyinmu a shekarun nan ya san abin da ake gudu, kuma ba abin wasa ba ne. Amma ƴan bindiga ba su ce a wuce tirela a kan kwana ba, ba su kuma ce a yi soyayya a gudun ɗari da ashirin ba. Da muka sauka, matar da ke bayana ta durƙusa ta taɓa ƙasa, ta ce dama ta yi alwashi.

Ga kuma ɗan kabu-kabun da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, sai ya nemi bakin kwalbati kafin ya tsaya. Ga samarin rakiyar amarya da ke juya mota a tsakiyar titi har taya ta yi hayaƙi, iyaye na tafi. Duk waɗannan babu mai furfura a cikinsu. Wato ɗaya yana kallon hanya ba ya gani, ɗaya yana gani ba ya kallo, mu fasinjoji kuma an ce mu zaɓa.

Abin da ba mu son faɗa shi ne, yawancin tsofaffin da ke lodi a tasha ba sha'awa ta zaunar da su a sitiyari ba. Direban haya ba shi da fansho. Ranar da ya aje makulli, ranar tukunya ke sauka daga murhu, ga ƴaƴa goma sha, ƙaramin yana aji uku. Bajapane ya mayar da lasin ya hau jirgin ƙasa. Namu in ya mayar, layin dogon da ya iso Gusau tun zamanin Turawa sai dai ya je ya zauna a kansa ya sha iska.

Mu ma a gida mun gwada namu ƙoƙarin. Aka kira taron dangi musamman don a karɓe makullin Kawu. Babban yayanmu, wanda ya fi kowa cika baki a waya, shi aka wakilta. Ya shiga, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar ƙafa, ya tambayi gona, ya yaba fentin motar, ya kawo dubu biyar ya ce a sha mai, ya fito. Kunya ta ci taron. A wurinmu ka ce wa babba idonsa ya raunana daidai yake da ka ce ya fara haƙa kabari. Muka koma dabara: muka haɗa baki da bakanike ya ce wani ƙarfe ya lalace, sai an aiko daga Kaduna inda aka haɗa motar. Kwana biyu Kawu ya shiga ƙarƙashinta da kansa, ya lalubo da hannu, ya gano wayar da aka cire, ya mayar. Ya kuma canza bakanike.

Ni dai ga inda na tsaya. A bar maganar shekaru, don ba mu da su. A kama ido. Duk mai sabunta lasin, ɗan ashirin ne ko ɗan tamanin, a tsayar da shi gaban allo ya karanta da bakinsa, kada a karɓi saƙo ta hannun ɗan aike. Shugabannin ƙungiyar direbobi, ku da ke karɓar kuɗin lodi kullum, ku gayyato likitan ido tasha ko sau ɗaya a shekara. Yanar ido aikinta ba ya cin awa guda, tsoho ya koma ganin allura. Hawan jinin ido kuwa ba ya sallama, yana cin gani ta gefe mutum bai sani ba, sai awo ke tona shi. Wanda ya ci gwaji a bar masa motarsa ko jikansa ya yi jika. Wanda ya faɗi a ba shi kujerar rubuta fasinja, ya riƙa yi wa yara faɗa, aikin da dama ya fi ƙwarewa a kai. Samarin kuma a jera musu ganguna irin na Kawu, mu ga iyakar baiwar.

Kafin a kai ga haka, ina sanar da jama'a cewa an kawo wa Kawu goron wani ɗaurin aure a Bunguɗu ranar Asabar mai zuwa, kuma ya ce da kansa zai je. Ni na riga na kama zazzaɓi tun yau. Duk wanda ya ga farar 504 a tsakiyar kwalta da siginar hagu tana ƙyaftawa, don Allah ya ba ta hanya, kada kuma ya jira ta karya kwana. Miƙewa za ta yi.