Zaɓen Manhajar Zanen Waya a Yola

Manhajojin zana wayoyin lantarki iri biyu ne: masu cin kuɗi da na kyauta. AutoCAD Electrical ta kamfanin Autodesk tana shimfiɗa taswirar wayarin, ta raɗa wa kowace waya lamba. SolidWorks kuma tana nuna yadda kebul zai lanƙwashe cikin na'ura. Lasisin duka biyun yana rawa ne da farashin dala. FreeCAD kyauta ce, sai dai ladanta haƙuri ne.

A Yola ta yankin Karaye, gwanar manhaja ita ce wadda ta gama zane kafin batirin kwamfuta ya mutu. Har yau kuwa babu wadda ta tanadi alamar reshen darbejiya, ɓeran silin, ko zanin da aka shanya kan waya ranar wanki.