Sirrin Alhaji Yana Hannun Yaron Kafe

Duk mai son jin sirrin mutanen Jos, kada ya ɓata kuɗinsa wurin mai duba. Ya nufi Ahmadu Bello Way ko Bauchi Road wajen ƙofar jami'a, ya shiga kafe, wato shagon buga takardu, ya samu gefen benci ya zauna. Kafin a kira la'asar zai san shekarar haihuwar rabin unguwa, ya san wanda asusunsa ya bushe alhali kullum cikin shadda yake, ya kuma ji sunan yarinyar da wani magidanci ya kasa mantawa tun suna sakandare.

Mu dai mutane ne masu son rufin asiri, kuma tun da waya ta zo hannu muka samu sana'a. Waya a kulle, hotuna a kulle, takardar fili a kulle, har jerin waɗanda suka ba da gudummawar biki sai an ɗaura masa kalmar sirri. Abin da ba mu lura da shi ba, wanda kullen ke fara hanawa shiga shi ne mai kayan.

Ga Alhaji nan, dillalin tumatir daga Farin Gada, ya ɗora rigar sanyi a kan kaftani saboda hunturun Disamba. Banki ya turo masa bayanin asusunsa ta imel, yana so a buga.

"Kai yaro, fitar min da wannan."

"Alhaji, ai a kulle take. Sai ka ba ni fasiwod."

"Wane fasiwod? Ni ban kulle komai ba."

"Banki ne suka kulle, ranka ya daɗe. Yawanci wasu lambobi ne daga lambar asusunka, ko ranar haihuwa."

Ranar haihuwa kuma! Alhaji guda uku gare shi: ta katin zaɓe, ta fasfon Hajji, sai wadda mahaifiyarsa ke faɗa, wato shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, 1973 ke nan. Sai ya kira ɗansa a Bukuru, ya sa wayar a sifika saboda ƙarar janareta. Ɗan na karanto lamba, Alhaji na maimaitawa da ƙarfi, yaron shago na amsawa. Aka yi kuskure, aka sake daga farko. Can wata tsohuwa da ta zo fotokwafin takardar fansho ta ɗago kai daga ƙarshen layi ta ce, "Alhaji, bakwai ne kafin huɗun, ɗazu ma nan ka ɓata." Takarda ta buɗe. Alhaji ya yi mata godiya, sannan ya sa tafin hannu ya kare allon kwamfutar, kada wani ya leƙa masa sirri.

Wannan ma banki ne ya zaɓa. Idan mu aka bar wa zaɓi, abin ya fi ban tausayi: 1234, ko sunan ɗan fari, ko 2017 ga masoyan Plateau United, shekarar da ta ci gasar ƙasa. Mai ƙarfin hali ya sa sunan amarya, har ranar da ciwo zai kwantar da shi ya roƙi uwargida ta buɗe masa wayar. Kuma kada a ce mu kaɗai ne; kamfanin NordPass da ke fitar da jerin kalmomin sirrin da duniya ta fi amfani da su, sau da yawa 123456 ce ke zuwa ta ɗaya. Fernando Corbató, malamin jami'ar MIT ta Amurka da ya fara sa wa kwamfuta kalmar sirri a farkon shekarun 1960, bai je ko'ina ba wani ɗalibi ya buga jerin kalmomin kowa a takarda don ya ƙara wa kansa lokacin aiki. Ashe tun ran gini aka yi zane.

Yaron kafe ya san abin da Alhaji bai sani ba: kullen takardar PDF, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993, iri biyu ne. Akwai na buɗewa, wanda ke dagula rubutun gaba ɗaya, in babu kalmar sai dai haƙuri. Akwai kuma na hana gyara ko bugawa, wanda kwaɗo ne a ƙofar zana: mai kunya kaɗai yake tsayarwa. Idan ma abin ya gagara, yaron zai ɗauki hoton allon, ko ya sake buga takardar daga farko da yatsu biyu, ana biyansa shafi-shafi. A nan ne Rikkos ke komawa Rikos, miliyan ɗaya ta yar da sifili guda a hanya, mai takarda kuma ya sa hannu bai karanta ba don yana sauri.

Inda kalmar sirri ta zama sarauta kuwa shi ne a ƙungiyoyinmu. Sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa zai shigar da lissafin kuɗin kwalbati da na 'yan sintiri cikin Excel, ya kulle, ya haɗiye mabuɗin. Ranar da ya faɗi zaɓe zai miƙa filash a gaban jama'a da fara'a, har a tafa masa. Sabon sakatare ya je gida ya buɗe, kwamfuta ta ce sai da kalma. A kira tsoho, ya ce yana kan hanyar Mangu, babu sabis. A sake kira, ya ce ya manta, amma wataƙila zai tuna idan waɗanda suka zage shi ranar zaɓe suka ba shi haƙuri. Daga nan sai a kafa kwamitin dattawa, su sayi goro, su tafi bikon fasiwod. Kwalbati kuwa tana nan a toshe har damina ta wuce.

Sai kuma manyan baƙin shagon, masu zuwa dab da magariba, su ja yaron gefe su rage murya.

"Ƙanena, ba wani abu ba ne, ɗan gyara ne kawai."

Ɗan gyaran shi ne 1979 ta koma 1989, ko F9 ta lissafi ta wayi gari C6. Mai neman aikin ɗamara na rage shekaru don kada ya haura iyaka. Ma'aikacin gwamnati na ragewa don ya ga shekara 60 ta ritaya ta taso masa. A haka ake samun gidan da ƙane ya girmi wansa a takarda, da mutumin da ya gama firamare yana ɗan shekara biyu. Mai neman gyaran a ganinsa kullen nan mugunta ce kawai ta waɗanda suka fitar da takardar. Ya manta cewa tun 2014 BVN ke riƙe da ranar haihuwarsa, NIN ma haka, sakamakon WAEC kuma ana duba shi a intanet. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa ba ta san wani abu wai shi ɗan gyara ba, jabu take kiransa, da mai takardar da yaron da ya taɓa madannai duk nata ne. Yaro mai wayo kan ce, "Yallaɓai, wannan ta fi ƙarfina." Marar wayo ya karɓi na shan ruwa, ya sayi rigimar da ba tasa ba.

Bayan kowa ya watse, leƙa kwamfutar shagon. Ga bayanin asusun Alhaji a buɗe, yaron ma ya sa masa suna da manyan baƙaƙe don kada ya ɓace. Ga hoton fasfo, ga takardar gado, ga sakamakon gwajin asibiti, duk an turo ta WhatsApp zuwa wayar shago wadda yara uku ke karɓa-karɓa da ita. Shafukan da tawada ta ɓata kuma ba a ƙona su. Ana tara su a kwali, mai ƙosai ta aiko a ba ta.

Don haka mai karatu, in ka je buga takarda, ka rubuta kalmar da hannunka, ka tsaya a goge fayil ɗin a gabanka, ka kuma karɓi har shafin da ya lalace. In kuwa ka riga ka yi sakaci, gobe da safe ka sayi ƙosai a Gangare ka duba takardar da aka naɗe maka. In ta maƙwabcinka ce, ka taimaka ka kai masa.