Shagon Kawu Da Ba Ya Motsi

Da Kawu ya yi ritaya ya karɓi garatutinsa, sai ya kama shago daura da wata makarantar sakandare, zai riƙa sayar da littattafan rubutu da biro da rula da ambulan. Aka buga kanta, aka jera kaya, saura allon suna. Tun da ni ne ɗan gidan da ya ci Turanci har da kiredit a jarrabawar WAEC, kuma ban taɓa bari wani ya manta da hakan ba, ni aka ɗora wa aikin.

"Ɗan boko, ka zuba mana Turanci mai nauyi," in ji Kawu, "wanda malaman can za su gani su san ba da wasa muka zo ba."

Na ɗauko ambulan na tsara a bayansa: STATIONARY a sama, a ƙasa kuma PENS, RULERS, DAIRY. Mai fenti bai ce uffan ba. Shi abin da aka miƙa masa yake kwafa, ko da zagin kansa ne. Ya zuba haruffan da ja, manya-manya, ana hango su tun daga shataletale.

Kasuwa ta yi shiru. Kawu na zaune a benci yana korar ƙuda da jarida. Masu zuwan ma abin da suke tambaya daban: "Baba, akwai yogot mai sanyi?" Ya ɗauka iya shegen ɗalibai ne, ya riƙa bin su da sanda. Da wata hajiya ta faka mota ta aiko direba neman madarar shanu, sai ya fara yi wa mai shagon da ke kusa kallon tuhuma, har ya sa aka yi masa rubutu ya yayyafa a bakin ƙofa.

Wanda ya warware mana ƙullin wani dattijon malamin Turanci ne, tabarau a kan karan hanci, ya zo sayen jan biro. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon allon.

"Alhaji, wa ya rubuta maka wannan?"

Kawu ya nuna ni yana washe baki. Ni ma na gyara zaman hula.

Malam ya ce kayan rubutu shi ne stationery, da harafin e. Wanda ke kan allonmu, mai a, yana nufin abin da ya tsaya cak ba ya motsi. Littafin da ake rubuta al'amuran yau da kullum diary ne; dairy kuwa wurin sarrafa madara. "A taƙaice, Alhaji, allonka na shaida wa jama'a cewa kasuwarku a tsaye take, amma kuna da nono."

Kawu ya juyo a hankali. "Au! Ashe kai ka ɗaure mini kasuwa da hannunka, ni ina can ina ɗaukar alhakin maƙwabci?"

Ban sallama ba. Na ce laifin harshen ne. Wane irin harshe ne zai ɗauki haruffa huɗu, o da u da g da h, ya sa su a though da through da tough da cough, kowanne da yadda ake faɗinsa? Hausa kuwa abin da ka faɗa shi za ka rubuta. Malam ya ce to in rubuta masa garin da ake tuwo da shi da garin da ake zama a ciki, ya ga bambancin. Na ce ana kiran salla.

Daren nan na kwana a kan ƙamus da waya, kuma wallahi na samo hujja. Kalmomin biyu uwa ɗaya ta haife su, daga Latin. A Ingila ta da, yawancin 'yan kasuwa yawo suke da kayansu gari-gari, irin 'yan koli. Mai sayar da littattafai da ya kafa rumfa wuri ɗaya kusa da jami'a, kamar a Oxford, shi aka kira stationer, don ba ya tashi daga inda yake. Har ƙungiya suka kafa a Landan a 1403, Sarauniya Mary ta ba su takardar amincewa a 1557. Wato kayan rubutu sun samo sunansu ne daga tsayuwa wuri ɗaya. Da safe na karanto wa Kawu duk wannan, da shekarun, ina kaɗa yatsa.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "To madalla. Sarauniyar ce za ta biya mai fenti?"

Daga aljihuna kuɗin ya fita. Mai fenti ya hau tsani ya mayar da A ta koma E, sai dai jansa bai zo ɗaya da na farko ba, harafin ya fito da ɗan tumbi. Da ya kai burushi kan DAIRY, Kawu ya ce ya dakata. Ya yi lissafi, masu neman yogot sun fi masu neman biro yawa. Ya sayo firiji na hannu, ya cika shi da yogot da fura da nono a gora. Yanzu lokacin tara sai an yi layi.

Na je masa da maganar la'adata, tun da ni na kawo dabarar. Ya miƙo mini gorar yogot ɗaya, ya buɗe littafin bashi ya rubuta sunana.